Fasa-ƙwaurin Saƙo a Ƙofar Saba

 Ina gaida mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, daga Sheme da 'Yankara har ƙauyukan da ke bakin iyakar Birnin Gwari, da duk wanda rediyonsa ya kamo mu a gona ko a shago ko a cikin mota. Dattawa, Allah ya ƙara girma. Iyaye mata, sannunku da aiki. Matasa kuwa, ku matso kusa, domin rabin maganar yau taku ce.

Babu mai koya wa mutumin yankin nan darajar sabis ɗin waya. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. An shafe watanni kafin a fara mayar da su. A lokacin ne aka ga yadda ciniki ya tsaya cak, mai POS ya rufe rumfa, ɗa yana Legas ko Fatakwal ya rasa yadda zai aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Sai kuma farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai sayar da awara da mai kayan miya suka koyi cewa "yi mini tiransfa". Daga nan dukiyarmu da sunayenmu da lambobinmu na NIN da BVN suka koma yawo a kan intanet, muna so ko ba ma so.

Tun daga lokacin ake ta yi mana gargaɗi iri ɗaya: kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka karanta wa wanda ya kira ka lambobin da banki ya turo maka, kada ka taɓa kowane saƙo da ya ce ka ci kyauta. Wannan gargaɗi gaskiya ne, ku riƙe shi hannu bibbiyu, domin mafi yawan asarar da muke ji ta wannan hanyar take zuwa. Amma yawan maimaita shi ya sa wasu sun ɗauka duk abin da ya sami mutum a intanet sakacinsa ne. A yau ina so in nuna muku wata kafa wadda ba a hannunka take ba. Ka kiyaye duk ƙa'ida, wayarka lafiya lau, ba ka faɗa wa kowa komai ba, amma a cuce ka, saboda kwamfutoci biyu a can nesa sun saɓa a kan ƙirga. Masana tsaron intanet suna kiran abin fasa-ƙwaurin buƙata, wato a cusa ɓoyayyen saƙo cikin wani saƙon a wuce da shi ta gaban mai gadi.

Bari mu bi sawun saƙo tukuna. Idan ka buɗe manhajar banki ka danna "tura", ko ɗalibi ya shiga shafin JAMB zai duba sakamako, wayar tana rubuta buƙata ta aika. Buƙatar ta bi ta turken sabis, ta ratsa wayoyi, ta isa wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda aikinta amsa buƙatun mutane. Ita ce ake kira saba. To, manyan shafuka ba sa barin saba ɗaya ta fuskanci duniya ita kaɗai. Akwai ta gaba, mai tsaron ƙofa: ita ke karɓar kowa, ta duba ko an yarda ya shiga inda ya nema, ta kori wanda ta ga alamar sharri tare da shi, ta raba aiki don kada nauyi ya taru wuri ɗaya. Sannan akwai ta baya, wadda ke yin ainihin aikin, ita ta san asusunka da abin da ke ciki. Ta baya ta yarda da ta gaba ɗari bisa ɗari. Duk abin da aka miƙo mata, ta ɗauka an riga an tantance shi.

Yaren da suke magana da shi sunansa HTTP. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro shi wajen 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Zubin da har yau ya fi yawa a tsakanin saba da saba, wato HTTP/1.1, ya fito a 1997. Saƙo a wannan yare rubutu ne zalla, layi bayan layi. Layin farko ya faɗi abin da kake so. Sai wasu layuka su biyo, waɗanda za mu kira kan saƙo: wane shafi ake nufi, wace irin waya ce, ga tikitin da ke shaida cewa kai ne ka shiga da kalmar sirrinka ɗazu. Sai a bar layi ɗaya fayau, sannan gangar jikin saƙon ta biyo, misali lambar asusu da adadin kuɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Buɗe sabuwar hanya tsakanin saba ta gaba da ta baya don kowane mutum yana cin lokaci. Saboda haka sai a buɗe hanya ɗaya a bar ta, a riƙa jero saƙonnin mutane daban-daban a cikinta, naka na bin nawa, na wata baiwar Allah a Funtuwa na bin naka, babu shinge tsakani. Dole ke nan saba ta baya ta san daidai harafin da saƙona ya ƙare a kansa, da harafin da naka ya fara.

HTTP/1.1 ya ba da hanyoyi biyu na sanin haka, kuma duka biyun a kan saƙo ake rubuta su. Ta farko layin tsawo: mai aikawa ya ce jikin saƙona harafi kaza ne, ƙirga ka tsaya. Ta biyu layin gunduwa-gunduwa: mai aikawa ya ce zan turo shi kashi-kashi, kowane kashi da adadinsa a gabansa, idan ka ga kashin da adadinsa sifili ne to na gama. Kowace hanya ita kaɗai ba ta da aibu. Amma me zai faru idan mutum ya rubuta duka biyun a saƙo ɗaya, kuma da gangan ya sa suka saɓa wa juna? Kundin ƙa'idar da aka fitar a 1999 ya yanke hukunci cewa a bi layin gunduwa a yi watsi da layin tsawo. Sai dai manhajojin saba suna da yawa, mutane daban-daban suka rubuta su a shekaru daban-daban, kuma ba kowa ya karanta ƙa'idar da ido ɗaya ba.

Ku kawo a ranku lokacin kaka ne, an kawo masara daga gonakin Sabuwa ana shigar da ita babban sito. 'Yan dako suna jere, buhunan mutane da yawa suna tafiya a layi ɗaya. Akwai malamai biyu. Na bakin ƙofa takarda yake dubawa: idan ta ce buhu 10, sai ya ƙirga 10 ya ce wuce, kayan mutum ɗaya ne. Na cikin sito kuwa ba ruwansa da adadin da ke takarda, shi alama yake bi: buhun da aka ɗaura wa jan ƙyalle shi ne na ƙarshe a kayan mutum, wanda ya biyo baya kuma shi ne na farko a kayan wani, kuma a jikin buhun farko yake karanta ɗakin da za a kai kaya. Shekara da shekaru ba a sami matsala ba, domin masu gaskiya adadinsu da ƙyallensu wuri ɗaya suke faɗawa. Sai wani mugu ya lura. Ya rubuta 10 a takarda, ya ɗaura jan ƙyalle a buhu na 9, a jikin na 10 kuma ya rubuta "a kai ɗakina". Malamin ƙofa ya ƙirga 10, lissafi ya cika, ya ba da hanya. Malamin ciki ya ga ƙyalle a na 9 ya rufe lissafi. Buhu na 10 ya tsaya a bakin sito yana jira. Da kayan bawan Allah na gaba suka iso, sai malamin ciki ya ɗauki wancan buhun a matsayin na farkonsu, ya karanta abin da ke jikinsa, ya tura masarar mutum gaba ɗaya ɗakin ɓarawo. A tambayi malamin ƙofa, zai rantse ya yi aikinsa daidai, kuma gaskiya ya faɗa. Haka shi ma na ciki. Mai masara kuwa bai yi laifin komai ba.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan fasa-ƙwaurin buƙata, wata kafa da masu kutse ke bi idan saba ta gaba da ta baya suka saɓa a kan inda saƙo ya ƙare.

Bari in nuna muku ƙanƙantar abin a zahiri, da misalin da masu koyar da wannan fanni suka saba bayarwa. Mutum ya aika saƙo, a kansa ya rubuta cewa tsawon jiki harafi 6 ne, ya kuma rubuta cewa gunduwa-gunduwa zai zo. A jikin saƙon ya sa sifili, sai alamomin sauka layi guda 4 waɗanda ido ba ya gani amma kwamfuta tana ƙirga su, sai harafin G shi kaɗai. Ku ƙirga: 1 da 4 da 1, ya ba da 6. Saba ta gaba, mai bin tsawo, ta ga lissafi ya cika, ta miƙa. Saba ta baya, mai bin gunduwa, tana ganin sifili ta ce an gama. Harafin G ya rage a hanya ba mai shi. Can sai ga saƙon wani mutum, wanda ya fara da kalmar POST, wato umarnin da waya ke bayarwa idan za ta miƙa bayani. Saba ta baya ta haɗa su ta karanta GPOST, umarnin da babu shi a yaren, ta mayar wa mutumin da amsar kuskure. Shi dai ya ga abu ya ƙi tafiya, ya ce yau sabis ba kyau.

Harafi ɗaya ke nan. Wanda ya iya cusa harafi ɗaya zai iya cusa cikakken umarni. Yana iya shiga ɓangaren da aka keɓe wa ma'aikata, domin mai gadi bai ga buƙatar ba sam, a wurinsa jikin wani saƙo ce kawai. Yana iya shirya abin yadda saƙon mutum na gaba, har da tikitinsa na shiga, zai zube a wani wuri da shi mugun zai je ya karanta, kuma wanda ya riƙe tikitinka ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ya riga ya zama kai. Yana iya gurɓata ma'ajiyar da saba ta gaba ke ajiye kwafin shafuka don saurin bayarwa, ta yadda duk wanda ya zo daga baya gurɓataccen shafi za a miƙa masa. Wani lokaci kuma layin amsoshi ne ke gocewa da taki ɗaya, sai amsar Audu ta je wa Binta, ta Binta ta je wa na bayanta.

Wani zai ce, to ai an gaya mana idan muka ga alamar kwaɗo a saman shafi, saƙonmu a kulle yake. Haka ne, a kulle yake tsakanin wayarka da saba ta gaba, ba mai leƙa shi a hanya. Amma a ƙofar ake buɗe kwaɗon don a karanta kan saƙo, shi kuwa wannan saɓani daga ƙofar zuwa ciki yake faruwa. Kwaɗon yana da amfaninsa, sai dai ba wannan cutar yake magani ba.

Abin da ya fi damuna a tarihin wannan matsala shi ne daɗewarta. Tun a 2005 wasu masu bincike 4 na kamfanin Watchfire, wato Chaim Linhart da Amit Klein da Ronen Heled da Steve Orrin, suka rubuta takarda suka bayyana ta filla-filla. Aka yi 'yan gyare-gyare, aka manta. Shekara 14 bayan haka, a watan Agusta na 2019, wani mai bincike na kamfanin PortSwigger da ke Ingila, James Kettle, ya tsaya a gaban taron masana tsaro na Black Hat a birnin Las Vegas na Amurka, ya nuna cewa kafar tana nan a buɗe a manyan shafukan duniya. Cikin waɗanda ya gwada har da PayPal, kamfanin da aikinsa kacokan tura kuɗi ne. Ya nuna zai iya gurɓata wani fayil da shafin shiga asusu ke amfani da shi, abin da zai iya kai ga kwashe kalmomin sirrin mutane. Bai saci ko kwabo ba. Ya kai rahoto ta hanyar da kamfanin ya tanada, suka biya shi dala 18,900, suka yi gyara. Ya sake zagaye gyaran, suka ƙara masa dala 20,000. A ƙarshen wannan shekarar kuma wani mai bincike, Evan Custodio, ya gano irin wannan kafa a Slack, manhajar da ma'aikatan kamfanoni ke tattaunawa a ciki, inda za a iya kwashe tikitin mutane a ƙwace asusunsu. Slack suka toshe ta cikin kwana ɗaya.

Akwai guda ɗaya da nake so mu tsaya a kanta, domin a watan da aka katse mana sabis ta fito, Satumba 2021, kuma tana nuna yadda ɗan ƙaramin lissafi a kan saƙo ke rusa tsaro. Manhaja ce mai suna HAProxy, kyauta ake samunta, kuma dubban shafuka a duniya ita suka ajiye a matsayin saba ta gaba. Masu bincike na kamfanin JFrog suka lura cewa tana karanta kan saƙo sau biyu. A karo na farko tana duba kowane layi, ta auna tsawon sunansa, ta ajiye adadin a wani ɗan gurbi. A karo na biyu kuma da wannan adadin take dogara wajen sake gina saƙon kafin ta miƙa shi ciki. Matsalar ita ce gurbin ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Idan ƙirga ta kai 256 sai ta koma sifili ta sake farawa. To sai mai kutse ya rubuta layi mai dogon suna, wanda ya fara da sunan layin tsawo na gaskiya, ya bi shi da sifili, ya ja masa jelar haruffa barkatai har ya tsallake iyaka. A karatun farko manhajar ta ga wani baƙon suna mai tsawo, ba ta san shi ba, ta ƙyale shi. A karatu na biyu, da yake adadin ya zagayo ya dawo ƙarami, sai ta yanke sunan daidai inda ya zama layin tsawo sak, mai cewa jikin saƙo sifili ne. Saba ta baya ta karɓi wannan ta gaskata, duk abin da ya biyo baya ta ɗauke shi sabuwar buƙata, wadda mai gadi bai taɓa dubawa ba. Masu HAProxy sun fitar da faci nan da nan, kuma sun cancanci yabo. Amma faci ba ya ɗora kansa. Sai wanda ke kula da saba ya ji labari, ya sauko da shi, ya ɗora.

A wannan shekarar ta 2021 James Kettle ya dawo da wani binciken. An fitar da sabon zubi na yaren, HTTP/2, tun 2015, wanda kowane kashi na saƙo yake ɗauke da tsawonsa ta hanya ɗaya tak, ba wurin gardama. Sai dai shafuka da yawa suna magana da wayarka da sabon zubi, amma su juya saƙon zuwa tsohon kafin su miƙa wa saba ta baya, kuma a wurin juyawar tsohuwar cuta ta dawo. Ta haka ya sami kafa a Netflix. A manhajar Jira ta kamfanin Atlassian kuwa, amsoshi suka goce har mutane suka riƙa tsintar kansu a cikin asusun wasu, sai da kamfanin ya fitar da kowa da kowa a faɗin duniya ya sa aka sake shiga. A watan Maris na 2023 aka gyara wata a Apache, ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin saba da suka fi yaɗuwa, wadda aka ba haɗarinta maki 9.8 cikin 10. A watan Oktoba na 2025 Microsoft ya gyara wata a manhajarsa ta ASP.NET Core, ya ba ta maki 9.9. Shekara 20 ke nan cif daga takardar farko.

Me ya sa ta ƙi mutuwa? A ganina babban dalili shi ne sassauci. Tun farkon shekarun 1980 magina intanet suka ɗauki wata ɗabi'a, cewa idan saƙo ya zo maka da ɗan kuskure kada ka kore shi, yi ƙoƙari ka gane nufinsa. A zamanin da masu amfani da intanet 'yan jami'o'i ne da suka san juna, wannan ladabi ne mai kyau. Amma idan kowace manhaja tana yin nata hasashen, dole wata rana hasashe ya bambanta. Mai kutse ya ƙara tazara ɗaya kafin ɗigo biyun da ke bin sunan layi. Wata saba ta ce ban gane wannan layin ba, ta tsallake shi. Ɗayar ta ce na gane abin da yake nufi, ta yi aiki da shi. Shi ke nan, sun saɓa. Ko ya rubuta layi ɗaya sau biyu, wata ta ɗauki na farko, wata na ƙarshe. Shi ya sa kundin ƙa'idar da aka sabunta a 2022 ya ƙara tsanani: saƙon da ya zo da layukan biyu tare, saba tana da damar ƙin karɓarsa, kuma ko ta karɓa, wajibi ne ta rufe hanyar bayan ta amsa, don kada wani abu ya rage yana jiran na gaba.

(Kiɗa)

To ina ruwan mutumin Faskari da abin da aka tattauna a Las Vegas? Ruwansa shi ne waɗannan manhajoji da na ambata ba na wata ƙasa ɗaya ba ne. Su ne dai ake ɗorawa a ko'ina, har da nan Najeriya, a bayan shafin makaranta da na asibiti da na ma'aikata da na kamfanin kuɗi. Ranar da aka sanar da kafa a ɗaya daga cikinsu, duk duniya ta ji, na kirki da na banza. Kamfanin da ke da ma'aikatan tsaro dare da rana zai ɗora faci cikin sa'o'i. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne shafin da aka ba da kwangilar gina shi sau ɗaya, aka yi bikin buɗewa, aka biya ɗan kwangila ya tafi, ba a ware ko sisi don kula da shi ba, alhali kullum ana zuba masa sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu. Irin wannan shafi yana iya shekara 5 da buɗaɗɗiyar kafa da kowa ya san maganinta. Wannan ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma ba na ɗalibi ko na mahaifinsa ba.

Doka ma haka ta gani. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk wanda ya tara bayanan mutane nauyin tsare su, kuma idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da su, sai ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 da saninsa. Akwai kuma ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da hukumar NITDA, waɗanda ke fitar da sanarwar gargaɗi idan an gano sabuwar kafa.

Saboda haka ranka ya daɗe shugaban makaranta, ranki ya daɗe shugabar asibiti, da duk mai riƙe da ofishin da ke da shafi a intanet: ba sai kun iya rubuta manhaja ba kafin ku yi tambaya. Ku kira mai kula da shafinku ku tambaye shi, wace manhaja ce a ƙofa, wace ce a ciki, yaushe rabon da a sabunta su? Idan saƙo ya zo da layukan tsawo masu karo da juna, korar shi ake yi a rufe hanya, ko lallaɓa shi ake yi? Za a iya sa su yi magana da sabon zubin yaren tun daga ƙofa har ciki? Wa ke karanta sanarwar gargaɗi idan ta fito? Idan ya yi ta kame-kame, kun sami amsarku. Kuma idan za a rubuta kwangila, a sa kuɗin kulawa na kowace shekara a ciki tun daga farko.

Kai kuma ɗan'uwa mai waya, da ke 'yar'uwa, toshe wannan kafa ba aikinku ba ne, amma akwai abin da ke rage ɓarna. Idan kun gama da manhajar kuɗi ku fita daga asusun gaba ɗaya, musamman a wayar aro ko a kwamfutar shagon da ake cike fom, domin fita tana kashe tikitin. Ku bar alat a kunne ko da ana cire 'yan kuɗi a kansa. Duk inda aka ba da zaɓin lamba ta biyu kafin kuɗi su fita, ku kunna. Idan wata rana kun buɗe shafi kuka ga sunan wani ko bayanan wani a inda naku ya kamata su kasance, kada ku taɓa komai nasa, amana ce ta faɗo hannunku. Ku ɗauki hoton fuskar wayar, ku lura da lokaci, ku fita, ku kai rahoto. Idan kuɗi suka fita ba da saninku ba, ku garzaya banki a ranar, ku rubuta ƙorafi, ku karɓi lambar shaidar ƙorafin. Idan kun tabbata ba ku ba kowa lambar sirri ba, ku faɗa ku tsaya a kai, kada kunya ta sa ku amsa laifin da ba naku ba. Idan bankin bai warware ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Bankin Najeriya da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi.

Saura ku matasa, musamman masu karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman Katsina, da ma waɗanda ke koyo da kansu a waya. Duk mutanen da na ambata a yau ba da wata na'ura ta musamman suka gano abin da suka gano ba. Zama suka yi suka karanta ƙa'ida layi-layi, suka gwada yadda manhajoji biyu ke fahimtar harafi ɗaya. Kamfanin PortSwigger yana da makarantar koyo kyauta a intanet, da shafukan gwaji da aka gina musamman don a fasa su, kuma akwai darasi sukutum a kan wannan matsala. A can za ku gwada hannunku. Kada ku kuskura ku gwada a shafin da ba a ba ku izini a rubuce ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Kuma wannan gwaji ya fi sauran haɗari, domin abin da ka cusa a kan saƙon wani bawan Allah zai faɗa, wataƙila a daidai lokacin da yake tura kuɗin maganin ɗansa. Kamfanonin da ke son a gwada su suna bayyana haka a fili, su faɗi iyakar inda aka yarda a taɓa da ladan da suke biya.